Mutumin da Malam Ya Bari a Bakin Gulbi

Aikin da mutum ya rasu ya bari rabi, wa ya kamata ya ƙarasa shi, wanda ya zauna kusa da shi yana yi, ko wanda ya san yadda ƙarshen yake? Na tambayi liman, na tambayi ɗiyata, na tambayi kaina a zaune da a kwance, har yau ban samu amsar da ta zauna mini a rai ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Autata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana dannawa. Tana aikin jinya a Shinkafi, sai ƙarshen mako take samun zuwa Kaura, in hanya ta yi kyau. Na ce mata in kuka ya zo mini ta dakata ta jira ni, kuma ta jira ni sau da yawa kafin mu kawo nan.

Mijina malamin firamare ne. Ya koyar a ƙauyukan Shinkafi har ya yi ritaya. Ni 'yar Zurmi ce, aka kai ni gidansa a wani ƙauye gefen Galadi, can na haifi 'ya'yana duka, can na binne biyu. Malam nake ce masa. Shi kuma in yana cikin raha ya ce mini mutuniyar Zurmi, in ransa ya ɓaci ya ce ke. Bayan ya bar aiki gona ta zama makarantarsa. Gero da dawa, da ɗan wake a tsakani. Ya kan tsaya a kan kunya ya yi wa shuka faɗa kamar yadda yake yi wa yara a aji.

Da abin nan na 'yan bindiga ya yi tsanani, aka fara tare mutane a gona, aka kwashe shanun maƙwabtanmu, muka ga zama ba zai yiwu ba. Mun fito bisa babura biyu, ni da ƙullin kayana, shi da akwatin littattafansa a cinya. Dawa ta kai gwiwa a lokacin, ta yi baƙi ƙirin don kyau. Bai waiwaya ba. Ni na waiwaya.

A Kaura muka samu ɗaki biyu bayan tsohuwar tashar jirgi. Nan Malam ya fara ƙarewa a tsaye. Ba ciwo, ba komai. Ya dawo daga masallaci ya zauna bakin ƙofa da rediyo, ya kashe, ya kunna. In na kawo tuwo ya ci loma kaɗan ya ture. Damina ta zo, ruwa ya sauka, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana shaƙar ƙamshin ƙasa, sannan ya koma ya kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Autar ce ta sayo masa babbar waya, wai ya riƙa ganin jikokinsa. Mai shagon ya zuba abubuwa a ciki tun kafin a saya, har da wani wasa. Wata rana bayan la'asar na fito da faifai ina tsince wake a rumfa, na ga Malam ya ƙura wa wayar ido, yatsunsa biyu na motsi, bakinsa a ɗan buɗe.

Na ce, "Mi kake kallo haka?"

Ya ce, "Wani bawan Allah ne za shi gida."

"Ina ne garinsu?"

"Shi nake son in gani. Matso ki duba."

Na matsa. Wani mutum ne a cikin wayar, ba yaro ba, ya fara furfura, da sanda, da jaka a kafaɗa, da fitila ɗaure a ƙugu. In Malam ya tura yatsa gaba, mutumin ya yi gaba. In ya tsaya, mutumin ya tsaya ya dogara da sandarsa yana huci. Daji ne kewaye da shi, da duwatsu, da ciyawa mai tsawo tana kaɗawa. Na ce wannan ai wasan yara ne. Ya ce to shi ma yau yaro ne, in ba shi wuri.

Daga baya ya gane cewa abin da ke wayarsa kashi na biyu ne, akwai na farko da bai taɓa gani ba. Ya ba ni labarinsa kamar yadda ya karanto. Wai rijiyoyin garin mutumin ne suka ƙafe, aka aike shi bayan duwatsu ya nemo inda ruwa ya maƙale, ya je ya buɗe shi. Nan na farko ya ƙare. A na biyu kuma ya juyo gida, sai ya tarar ruwan da ya buɗe ya sauya ƙasar duka. Inda ya bi da ƙafa ya zama gulbi, inda ya kwana ya zama tafki, dole ya nemi sabuwar hanya.

Wajen neman wannan labari ne Malam ya faɗa cikin kundin. Ya ce mini wani babban littafi ne a intanet, babu abin da ba a rubuta a ciki ba, daga sunayen ƙasashe har cututtukan awaki, kowa na iya karantawa kuma kowa na iya gyarawa. Akwai na Turanci, akwai na Hausa. Shafin wasan nan na Turanci dogo ne, ka yi ta ja da yatsa bai ƙare ba. Na Hausa kuwa 'yan layuka ne, kuma inji ne ya juya su. Da ya karanta mini sai da na yi dariya. Kalmomin namu ne, amma an jera su kamar wanda ya zuba wake da tsakuwa a tukunya ɗaya.

Shi bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, "Da ɗalibina ne ya kawo mini wanga, da ya sha jan biro."

Na ce, "To ba ɗalibinka ba ne, bar musu abinsu."

Ya ce, "An ce kowa na iya gyarawa. Ni ba kowa ba ne?"

Tun daga ranar gidanmu ya samu tsari. Da safe in ya dawo masallaci ya kai wayar wurin mai caji a bakin titi, ya tsaya ya sha hira. Kafin azahar ya karɓo. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a rumfa ya yi tafiyarsa, ni ina gefe da aikina ina leƙe. Washegari bayan azahar ya rubuta abin da ya gani jiya, da yatsa ɗaya, a hankali, harshensa a waje kamar mai saka zare a allura. In ya gama ya karanta mini. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma Malam na son ƙa'ida. Ya ce duk abin da ka rubuta a kundin sai ka nuna inda ka samo shi. Su wa suka ƙera wasan, a wace ƙasa, mi masu jaridu suka ce a kansa, duk sai ya nemo ya ɗaura wa kowace magana madogararta. Sashen labarin kuwa, wato abin da ya faru da mutumin a hanya, wannan da idonsa yake rubutawa. Kuma duk gyaran da ya yi sai ya bar ɗan bayani a ƙasa cewa ga abin da ya taɓa, ga dalili.

Wani lokaci ya tambaye ni suna. Ya nuna mini jakar mutumin ya ce mi za a ce da ita. Na ce burgami ne, ba ka ga ta fatar akuya ba ce, har da ƙafafun? Ya ce yaran yanzu ba su san burgami ba. Na ce to su sani. Muka yi ta ja har magariba, ya rubuta burgami, ya ƙara 'yar magana a gefe mai cewa jakar fata.

Ba shi kaɗai ke shiga shafin ba. Akwai wani mutum, mun dai ɗauka namiji ne, da ya ce daga Maraɗi yake. Ba su taɓa ganin juna ba, ko muryar juna ba su sani ba. Akwai wani shafi a bayan shafin inda masu gyara ke magana, can suke haɗuwa. Malam ya sa kalma, na Maraɗi ya cire ya sa tasa, Malam ya mayar. Abokin faɗana yake ce masa. In kwana biyu suka wuce bai ga hannunsa ba sai ya ce, "Mutumin nan shiru, Allah ya sa lafiya."

Ni abin ya ɗan dame ni da farko. Dattijo mai jikoki da wasan waya. Wani maƙwabcinmu mai sayar da buhunan hatsi in ya gan shi sai ya ce, "Malam, yau an ci ko an sha kashi?" Malam ya ce, "An sha, Alhaji, amma ba a kai naka na kasuwar jiya ba." Da muka keɓe na tambaye shi ko wannan ba ɓata lokaci ba ne ga wanda ya kusa kabari. Ya ce yaran unguwar nan duk suna buga wasan, suna tura mutumin yana gudu yana tsalle, amma ba su san mi yake nema ba don da Turanci yake magana. Ya ce in yaro ɗaya ya buɗe shafin ya gane cewa mutumin gida za shi, ya isa. Gaskiya ni ma na fara jiran la'asar.

Na ga mutumin nan ya ratsa dajin ƙaya. Na ga ya kwana a gidan wata tsohuwa mai kiwon zuma, ya gyara mata rufin ɗaki ta ba shi igiya. Na ga ya sauka rami ya fito da wani ɗan maraƙi. Duk Malam ya rubuta. Har suka iso wani babban gulbi mai ƙarfi, babu gada, babu mai fito, sai duwatsu jefi-jefi a cikin ruwa da za a bi da tsalle.

A makon ne buta ta suɓuce daga hannun Malam yana alwala. Na ji ƙarar na fito, na same shi zaune a ƙasa yana kallon hannunsa na hagu kamar na wani. Aka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne ya taɓa shi. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, hannun ne bai dawo daidai ba. Yana ɗagawa, amma babban yatsan ya yi nauyi.

Duwatsun nan kuwa da yatsu biyu ake tsallake su, ɗaya na tura mutumin, ɗaya na ɗaga shi, kuma a tare. Malam ya jingina wayar a gwiwa ya gwada. Mutumin ya taka dutse na farko, ya taka na biyu, ya faɗa. Ruwa ya tafi da shi, fuskar wayar ta yi duhu, can sai ga shi ya dawo bakin gulbi a tsaye da sandarsa, kayansa a bushe. Abin nan na tayar mini da hankali, mutum ya nutse a gabanka kuma ya dawo kamar ba a yi ba.

"Ya sake faɗawa?"

"Ya sake."

"To ka huta mana."

"Shi bai ce ya gaji ba."

Haka muka yi ta yi har aka yi girbi a gonakin mutanen Kaura. Na ce masa ya ba wani yaro a unguwa ya tsallakar masa, ya ƙi. Na ce to ba ka ce na Turancin ya kai ƙarshe ba, ka karanta can ka juyo mana. Ya ce in ya buɗe shafin Turanci tafin hannu yake sawa ya rufe wurin. Na ce wannan wace irin wahala ce. Ya dube ni ya ce, "Mutuniyar Zurmi, in na karanta yau, mi zan tashi in yi gobe?"

Sashen labarin a shafin Hausa ya tsaya a nan: mutumin ya iso bakin gulbi, ya tarar babu mai fito.

Ciwon ya dawo masa ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a rumfa. Aka sa shi a keke aka kai asibiti. Ya kwana ɗaya. Washegari ana kiran azahar Allah ya karɓi abinsa. Rubuta cewa ya cika da kalmar shahada, don ya cika da ita, na ga leɓunansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa.

Na shiga takaba. Mata na zuwa suna tafiya, ana kawo abinci ana kwashewa. Ni abu ɗaya ke cina. A gidanmu na Zurmi ba a barin aikin mamaci a buɗe ya wuce arba'in. Da mahaifina ya rasu ana tsakar noma, 'yan uwa da maƙwabta suka yi gayya suka nome gonarsa, suka girbe, suka ɗaure dammuna suka kawo ƙofar gida. Da innata ta rasu ta bar tabarma rabi a saƙe, ni da yayata muka zauna muka ƙarasa ta, hannunmu bai kai nata ba, ana ganin inda ta tsaya da inda muka ɗora, amma mun rufe bakin. Haka na tashi na gani. Ana cewa hankalin mai aikin ya fi kwanciya.

Gonar Malam babu mai iya zuwa. Ban san ma ko gona ce har yanzu ba ko ta koma daji. Ɗakin da ya fara ɗorawa a ƙauye yana can ba rufi. Duk abin da ya bari rabi ya fi ƙarfina, sai abu ɗaya, shi ne a cikin wayar da ke ƙarƙashin matashina.

Na kira auta na ce ta buɗe shafin babanta. Ta buɗe, don wayar na shiga da sunan da yake aiki da shi. Na ce ta je inda ya tsaya ta rubuta abin da zan faɗa.

Ta ce, "Inna, ba haka ake yi ba. Sai abin da ke cikin wasan ake sawa."

Na ce, "Kin san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba, amma ana iya dubawa."

"Babanki ya rufe wurin da hannu, ke za ki buɗe? Ni na zauna da mutumin nan tun daga dajin ƙaya. Rubuta."

Ta dube ni, idonta ya cika, ta sunkuyar da kai ta rubuta. Na ce mutumin na tsaye sai ga mai fito ya ɓullo daga cikin ciyawa da babbar gora, ya ɗora masa kayansa a kai, ya ja shi har ƙetare. Ya yi tafiyar yini ya hango kukar bakin garinsu. Yara suka gan shi suka ruga da gudu suna faɗa. Ya tarar rijiyoyi sun cika, dawa ta yi kai. Matarsa na daka ta saki taɓarya, ta kawo masa ruwa a ƙwarya ya sha, ta zuba masa wani ya wanke ƙafa. Maƙwabta suka shigo barka da zuwa har rumfa ta cika. Ya rataye burgaminsa, ya jingine sandarsa, ya kwana a ɗakinsa.

Ta danna, ya hau. Ta karanta mini daga farkon na Malam har ƙarshen nawa, a jere, ba tsayawa. Ranar na ci abinci.

Bai daɗe ba. Da ta dawo mako na gaba na ce ta sake karanta mini, ta buɗe, ta yi ta ja da yatsa sama da ƙasa. Na ce mi ne ne. Ta ce an cire. Labarin ya koma bakin gulbi. Na Maraɗi ne ya cire, kuma ya bar saƙo a shafin baya. Da Malam yake magana, don sunan Malam ya gani a kan gyaran. Ya ce ya cire ne don babu mai fito a wasan, babu wannan isowa, kuma ya san Malam bai taɓa sa abin da bai gani ba. Ya ce ko wani ne ya ɗauki wayarsa? Ya ce ya kwana biyu bai ji faɗansa ba, yana fata lafiya.

Na yi kuka ranar fiye da na ranar da aka fita da shi. Wani na can wata ƙasa yana jiran Malam ya ba shi amsa. Kuma ya san hannunsa har ya gane wannan ba nasa ba ne.

Auta ta ce, "Inna, in gaya mishi?"

Na ce ta gaya masa. Ta rubuta cewa mai wannan suna ya rasu, ita ɗiyarsa ce, abin da aka ƙara kuma matarsa ce ta faɗa aka rubuta, don a wurinmu ba a barin aikin mamaci a buɗe.

Amsarsa ta zo washegari. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya yi wa Malam addu'a, ya ce bai taɓa sanin dattijo ne ba, ya ɗauka sa'ansa ne saboda yadda yake da naci. Ya ce su ma a wajensu ana yi wa mamaci gayya. Ya ce ba zai iya mayar da nawa ba, don in ya mayar wani zai zo ya cire, kuma yaran da za su karanta za su je su tarar ba haka ba ne. Amma shi ya buga wasan har ƙarshe tun bara, ya bar sashen ne don ya ga Malam na bi a hankali, bai so ya riga shi ba. In na yarda, zai ƙarasa daga inda Malam ya tsaya, ba zai taɓa ko kalma ɗaya ta sama ba.

Auta ta ce ba ya ma buƙatar izinina, kowa na iya yi, ladabi ne kawai ya yi. Na aika aka tambayo mini liman, ya ce shi bai san wannan abu ba, amma gaskiya ta fi, kuma addu'a ce ke isa ga mamaci, ba labari ba. Na san haka. Ba abin da na tambaya ke nan ba. Ana jibi arba'in na ce ta ce masa ya yi.

Ya yi kafin ranar. Da aka watse daga sadaka, gida ya yi shiru, auta ta zauna a bakin gadona ta ce in karanta? Na ce karanta.

Mutumin ya tsallake duwatsun da ƙafarsa. Bayan gulbin akwai wani fili mai yashi, akwai wani gari da ruwa ya ci rabinsa, ya taimaki mutanen suka kwashe hatsinsu zuwa tudu. Fitilarsa ta mutu ya samu mai gyara. Daga nan ya hau wani dogon dutse, ya kai ƙoli da yamma, ya hango hayaƙi na tashi can nesa inda garinsu yake. Ya zauna ya ajiye sandarsa. Nan wasan ya ƙare. A ƙasa na Maraɗi ya ƙara cewa masu wasan sun ce za su yi kashi na uku, ya ɗaura madogara kamar yadda Malam ke yi.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan, Inna."

"To bai isa ba ke nan."

"Ya dai hango."

Na ce ashe su ma masu abin rabi suka bari. Ta yi dariya tana share hawaye, ni ma na yi.

Ta nuna mini wani abu da ban sani ba. Wai a kundin nan ba a zubar da komai. Duk abin da aka taɓa rubutawa aka cire yana nan a ajiye a ƙasa, ana iya buɗewa. Nawa na nan, da mai fito da gorarsa da matar da ta saki taɓarya, a ƙarƙashin sunan Malam. Wanda ya buɗe shafin ba zai gani ba sai ya tona. Wani lokaci in ta zo ina cewa ta karanta mini na sama, wani lokaci na ƙasa. Na sama gaskiya ne, kuma mutumin kirki ne ya rubuta shi, ina sa shi a addu'a ko da ban san sunansa na yanka ba. Amma in aka karanta shi ina jin inda muryar Malam ta tsaya da inda ta baƙo ta ɗora, kuma baƙon bai taɓa zama a rumfar nan ba. Na ƙasa kuwa ni na san ba haka aka yi ba.

Wayar tana wurina. Duk mako ina ba da ita a kai caji. A cikinta mutumin bai tsallake ba, yana nan inda aka bar shi, ruwa na wucewa gabansa. Auta ta ce in ina so za ta zauna ta koya ta tsallakar da shi in gani da idona. Na ce ta bari tukuna. Ban taɓa sa yatsana a kai ba, ko sau ɗaya, tsoro nake ji in tura shi ya faɗa.

Da safen ranar da zai rasu hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci. Auta ta fita neman ruwan zafi, daga ni sai shi. Na ɗaga kansa na ba shi kunu ya kurɓa kaɗan. Ya kama hannuna na dama da nasa mai lafiya, ya juya shi, ya daɗe yana duban babban yatsana, yana lanƙwasa shi yana miƙewa kamar mai taya kaya a kasuwa. Bakinsa ya karkace, sai da na kai kunnena kusa.

Ya ce, "Naki da sauran ƙarfi. In mun koma gida ke za ki riƙe wayar, ni in riƙa faɗa miki inda za ki taka."